Inda Baba Ya Ce Ba a Kwanciya

Daga Allah muke, kuma gare shi ake komawa, babba da yaro. Mahaifina ya amsa kira ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da kogin Haɗejiya ya janye har jaki na tsallaka shi bai jiƙa ciki ba. Bai wahalar da kowa da jinya ba. Kwana uku ya yi da zazzaɓi, a na huɗu ya ce a juya shi gabas, shi ke nan.

Kwana bakwai na yi a zaure ina karɓar gaisuwa, sai na lura duk wanda ya zo, da abin da Baba ya hana shi yake tuna shi. Bulama, mai garinmu, ya shafa addu'a ya ce, "Allah ya jiƙan tsohon nan. Ya taɓa kama linzamin dokina ina bisa, ya fitar da mu daga maƙabarta kamar ya kama ɓarayi." Wani Bafillace da ya taso tun daga wajen Miga ya ce, "Shekara ashirin yana zagin shanuna, amma bai taɓa korar tumakina ba. Yau tumaki sun zama marayu." Mata masu ginin tukwane suka aiko gwaggona ta tambaye ni wa zai riƙa kwashe musu tsingaron fasassun tukwane yanzu, ta faɗa tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Liman kuwa cewa ya yi, tun da Baba ya karɓi maƙabartar garin nan ba a sake tsintar ƙashin mumini a fadama ba. Jama'a suka ce haka ne, wallahi haka ne. Baffana, ƙanen Baba, shi kaɗai ya ware daga jama'a. Yana can ƙarshen tabarma da carbi a hannu, carbin ba ya motsi.

Ni ne ɗan farinsa, kuma masunci ne ni, rabin shekara ina can wajen Baturiya da komata. Ajamina ba na nuna wa tsara ba ne, amma zan rubuta, domin aikin Baba irin wanda in ya yi kyau ba a ganin komai ne sai ciyawa, nan da shekara goma kuwa za a ce da kanta ta tsiro. Sannan akwai abin da ke cina. Mun binne shi a inda bai kamata ba, duk taron nan ni kaɗai na gane haka, kuma na yi shiru.

Garinmu yana kan tudu, tafiyar rabin yini daga ganuwar Haɗejiya. Maƙabarta tana gangaren gabas, tsakanin gari da fadama, don haka ruwa biyu ke nemanta. Na sama yana gangarowa daga gari, na kogi yana hawowa daga ƙasa in damina ta yi nisa. Gwaggona ta ba ni labari cewa Baba yana saurayi aka yi wata ambaliya da ta buɗe kaburbura, shi da kansa ya tsinci likkafanin mahaifiyarsu ya sarƙe a cikin ciyawar burgu. Bai taɓa faɗin wannan da bakinsa ba. Abin da aka sani kawai, ruwa na janyewa ya ɗauki kwando ya fara jibga jinga a gindin maƙabarta. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya naɗa shi, kuma tun daga ranar bai sake wata sana'a ba sai ɗan noman da zai ci.

Jinga kowa ya iya, tara ƙasa ne. Abin da ya bambanta Baba shi ne ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai rarrafe da manoma ke tsine wa. Yakan ce jingar da ba ciyawa tuwo ce aka tuƙa wa kogi. Sai ya je bakin ruwa ya yanko ta haɗe da ƙasarta, faɗin faifai-faifai, ya jera a jikin jinga da tsakanin kaburbura, ya bi yana dannawa da dunduniya. In ƙasa ta taurare, yana da wata sanda mai tsinin ƙarfe da yake bi yana huda ta, taki ɗaya huda ɗaya, sannan ya watsa yashin kogi ya share shi da tsintsiya har ya cika ramukan. Wai don saiwa ta yi numfashi. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya su ce, "Sannu da aiki, Baba, yau ma sakiya ake yi wa ƙasa?" Ba ya ko ɗago kai.

Tumaki kaɗai ya yarda su shiga, su ma sai raɓa ta bushe. Saniya nauyi gare ta, kofatonta yana toshe ƙasa, akuya kuwa tumɓukewa take yi. Inda tumaki suka bari sai ya bi da lauje, amma ba ya aske ta ƙwal. "A bar mata yatsa uku," in ji shi, "ba kan jariri ba ne ranar suna." Wuta kuwa ko da wasa ba a kawo ta kusa. Bayan kowane ruwan sama, kafin ya karya kumallo, zai tuɓe takalmi ya zaga wurin kaf, tafin ƙafarsa yana gaya masa inda ruwa ya kwana. Mahaifiyata, tana da rai, takan ce ita dai ta auri mutumin da kokonsa kullum sai ya huce.

Duk wannan ban koya daga bakinsa zuwa kunnena ba. Kunyar ɗan fari, Baba ya riƙe ta kamar farilla. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne "wancan", in ransa ya yi fari kuma "mutumin nan". In yana son in san wani abu sai ya gaya wa wanda ke kusa, in ba kowa ya gaya wa tunkiya. Na taɓa kai masa fura, ina da gemuna da 'ya'yana biyu, ya juya mini baya ya ce da wata tsohuwar tunkiya, "Ke, in kin ga aya-aya ta tsiro inda ba ta saba ba, ruwa ne ya rasa hanya a ƙasa. In ƙiri-ƙiri ta koma ruwan ɗorawa a damina, ba ƙishi take ji ba, nutsewa take yi. Ki gaya wa masu kamun kifi, ko za su ji." Na ajiye ƙwarya na tafi ina dariya a ciki. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, ni so nake ruwa ya taru, shi so yake ya wuce. Yanzu in na tuna, haushinsa nake ji da haushin kaina. Da ya dube ni sau ɗaya ya ce zo ka gani, da na zo.

A tsakiyar maƙabartar akwai wani ziri da ya taso daga sama ya gangara har jinga, faɗinsa bai wuce kamu huɗu ba. Ko a tsakiyar rani, in ko'ina ya ƙone, zirin nan kore shar yake. Baba bai taɓa bari an haƙa kabari a cikinsa ba. In masu haƙa suka nufo wurin sai ya gitta musu sanda ya ce, "Nan ba a kwanciya." Ba ya ƙara ko harafi. Kaburbura suka cika kudu da arewa har suka matse zirin, yana nan yadda yake. Mutanen gari suka yanke wa kansu cewa tsoho ya keɓe wa kansa makwanci ne, ya zaɓi wuri mafi kyau. To wa zai tari dattijo ya tambaye shi inda yake son a binne shi? Ai rashin kunya ne. Shi ma ya ji ana faɗa, na tabbata ya ji, bai dai ga maganar ta kai ya amsa ba.

Sai batun tsingaro. Tun ina ƙarami Baba yake bin gidaje yana roƙon fasassun tukwane, ya tara tuli guda a bayan gidanmu. A shekarun da mahara suka addabi ƙauyuka, garinmu ya watse aka shige cikin ganuwa, shi ya ƙi tafiya, ya zauna da wasu tsofaffi biyu da suka daɗe da rasuwa yanzu. Da muka dawo bayan damina biyu, tulin ya ɓace, ya kuma fara tara wani. Aka ce asiri yake yi da shi. Wata rana ana tsaka da ruwa na raɓe a gindin jinga, sai na ga ruwa garau yana fitowa ta wani ɗan baki da aka jera wa fasassun tukwane, daidai ƙarshen zirin. Baba yana tsaye a sama, ya jiƙe sharkaf, na ji yana ce wa sandarsa, "Ruwa baƙo ne. In ka ba shi hanya ya wuce, in ka hana shi ya kwana." Na gani, na ji, ban tsaya tunanin ta inda ruwan ya biyo ba. Hankalina yana kan kifin da zai hau fadama.

Ba waliyyi nake ba da labari ba. Baba yana da taurin kai irin wanda ke raba zumunci. Shekarar da aka yi fari, fadama ta tsattsage, shanun Baffa biyar suka koma ƙashi da fata. Babu kore a ƙasar nan sai zirin Baba. Baffa ya kora su ciki da sassafe, Baba ya iske su suna ci, ina tsaye daga nesa ina ji.

"Yaya, kwana uku kawai," in ji Baffa. "Matattu ba sa cin ciyawa."

"Ciyawar ce ke riƙe da su. Fitar da shanunka."

"Haba Yaya. Uwa ɗaya ta haife mu."

"Ga ta can kwance. Sau biyu na binne ta. Fitar da su."

Baffa ya fitar. Uku suka mutu kafin ruwa ya sauka. Baba ya riƙa yankar ciyawa da lauje yana aika ɗan dami ƙofar gidansa, Baffa yana sa a mayar. Shekara goma sha ɗaya suka yi ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar Sallah. Har yau ban san wa ke da gaskiya ba. Na dai san na ga Baffa yana kuka a kan mushen saniya, kuma ranar na ji na tsani ubana.

Amma kuma shi ne mutumin nan dai. Wata Babarbariya ta sauka garinmu da ayarin kanwa, jaririnta ya rasu a hanya, Baba ya binne shi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, ayari kuma zai tashi washegari, tana ta kuka tana cewa ko inda aka ajiye shi ba ta sani ba. Baba ya ɗauki kasko. Ya koma ya yanko ƙiri-ƙiri daga gefen ɗan kabarin, daidai tafin hannu, ya sa a kasko ya yayyafa ruwa, ya ba gwaggona. "Ki ce mata ta dasa a bayan ɗakinta. Ko ta bushe tana dawowa." Gwaggo ta ce da ayarin zai tashi, matar ta ɗaure kaskon a bayanta da zanen goyo.

Ranar da ya rasu Baffa ne ya shige gaba, don shi ne babba yanzu. Ya wuce kai tsaye tsakiyar zirin ya kafa sanda. "A nan," ya ce. "Wurin da ya hana shanuna saboda shi, yau ya shiga abinsa." Ba da gatse ya faɗa ba. Ina ganin hanyar da ya samu ke nan ta ba yayansa haƙuri. Jama'a suka ce madalla, ai dama nan ne.

Masu haƙa ba su kai gwiwa ba dagi ya fara ƙara. Tsingaro ne jere a kan juna, da danshi a jikinsu a tsakiyar bazara. Baffa ya ce, "Kun gani? Har tukwanen rufinsa ya tanada." Mu a nan da fasassun tukwane muke rufe cikin kabari kafin a zuba ƙasa, don haka mutane suka ɗauki kabbara, wasu har da kuka. Ni kuwa a nan ne na tuna ɗan bakin ruwan nan na gindin jinga. Ashe dogon rami Baba ya haƙa tun daga sama har ƙasa, ya cika shi da tsingaro, ya rufe da yashi, ya shimfiɗa ciyawa a kai, don buɗaɗɗiyar magudana a irin ƙasarmu kwazazzabo take zama cikin damina ɗaya. Duk ruwan da ke gangarowa daga gari ta ƙarƙashin zirin yake bi. Kabari kuwa kudu da arewa ake haƙa shi, zirin yana gangarawa gabas, wato kabarin Baba zai gitta hanyar ruwan daga gefe zuwa gefe.

Na buɗe baki. Gawa tana kan makara a rana, liman yana jira, Baffa yana cikin ramin da kansa yana kwashe tsingaro da hannu, hawaye na bin gemunsa. Ɗa ne zai ce da ƙanen ubansa a gaban gari, fito, ka yi kuskure? Kuma in aka ce wa ya gaya maka, in ce tunkiya? Na ce a raina wataƙila ruwa zai sami wata hanya, na rufe bakina. Aka kwaɓa laka mai kyau aka liƙe ko'ina, liƙewar da ko tururuwa ba za ta shiga ba.

Ruwan farko bai nuna komai ba, har na fara sakin jiki. Bayan na huɗu na sami kaina a bakin maƙabarta ina tuɓe takalmi, ni da ban taɓa yi ba. Sama da kabarin Baba ƙafata ta lume. Kafin mako biyu aya-aya ta tsiro, ƙiri-ƙiri ta koma ruwan ɗorawa, wurin ya fara warin ruɓa. Na gangara gindin jinga, ɗan bakin nan ya bushe ƙamas. Ruwa ya rasa hanya, sai ya kwanta ya bazu arewa inda ƙasa ta fi kwari, inda kaburburan yara suke, da na mahaifiyata, da na kakarmu. Sun fi arba'in, biyu sun riga sun lotsa. Damina ko rabi ba ta kai ba, kogi ma bai iso ba tukuna.

Na je wajen liman na faɗa masa komai, har shirun da na yi. Ya ce tono ba zai yiwu ba, ƙasar ta zama kunu, in aka buɗe ba mai iya ɗaukar abin da za a gani. Na ce kewayewa ma ba hali, wajen kai da wajen ƙafa duk kaburbura ne. Hanya ɗaya ta rage. A sare tudun kabarin Baba a daidaita shi da ƙasa, a ɗan zurfafa tsakiya, a shimfiɗa ƙiri-ƙiri don kada ruwa ya ci, a bar ruwan ya bi ta kansa ya sake faɗawa tsingaron da ke gaba. Ba bana kaɗai ba, kowace damina.

Liman ya ce, "Haƙƙin mutum arba'in ya fi na mutum ɗaya. Amma ni ba zan ce maka je ka yi ba, ɗana. Ubanka ne."

Magana ba ta kwana a garinmu. Da la'asar sai ga Baffa a zaurena, ko zama bai yi ba.

"Wanda zai taɓa kushewar yayana, ya fara binne ni tukuna."

Na durƙusa na gaya masa abin da ke ƙarƙashin zirin, da abin da tsingaron nan yake yi a wurin. Ya saurara har na gama.

"Ranar ka sani?"

"Na sani, Baffa."

"Ina cikin ramin kana kallona, ka bar ni na yi?"

Ya juya ya fita ba sallama, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana biyu aka yi ana ruwa. Safiyar da ya ɗauke na je kan jinga na yanko ciyawa faifai-faifai, na jera a kwando, na ɗauki fartanya. A arewa ruwa ya kai idon sawu, ƙananan tuddan nan sai kawunansu ake gani. Na tsaya a kan Baba na yi masa addu'a. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka, ya sanyaya makwancinka yadda ka sanyaya na mutane, ya yafe mini ni ma. Duk wanda rubutun nan ya kai gare shi, ina roƙonsa ya ce amin. Na ɗaga fartanya, hannuna ya ƙi sauka. Na sake ɗagawa, ya ƙi. Ina nan tsaye kamar gunki har rana ta yi hantsi.

Sai na ji takun mutum cikin ruwa a bayana. Baffa ne, ya naɗe wando har gwiwa. Bai dube ni ba. Arewa ya duba, wajen da mahaifiyarsu take, tudunta saura kaɗan ya nutse. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo."

"Baffa, ni na yi shiru. Ni ya kamata in yi."

"Ɗa ba ya sakar wa ubansa ruwa. Ni na kwantar da shi a nan. Kai riƙe kwandonka, in na sare ka shimfiɗa."

Na ba shi. Ya durƙusa a cikin laka, tsoho mai shekara saba'in, ya dafa tudun da tafin hannu.

"Yaya," ya ce, "ka yi haƙuri. Za ka ji sanyi."

Ya miƙe ya yi bisimilla ya sara. Na durƙusa a bayansa ina jera ciyawa, ruwa yana bin hannuna yana hawa kan mahaifina, a can arewa kuwa tuddan yaran suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.